Ruwan Dala Biyar: Wa Ke Auna Abin Da Muke Sha A Gidigir?



Ruwan leda ya zama ruwan shan kowa a ƙasar nan. Ranar kasuwar Gidigir, daga kara zuwa tasha, daga rumfar mai tsire zuwa inuwar da direbobi ke hutawa, ba hajar da ta kai shi ciniki in rana ta take. Gidan suna shi ake rabawa, gidan biki shi, zaman makoki shi. Da shi mara lafiya ke haɗiyar magani a gadon asibiti, da shi wata uwa ke dama wa jaririnta madara, don ta ji an ce ya fi na rijiya tsabta. Mutum ya miƙa dala biyar, ya ɓula da haƙori, ya shanye, ya yar da leda, hankalinsa kwance.

To, tambayar da muke yi a wannan ƙungiya ita ce: wa ya auna ruwan nan kafin a ƙulle shi? Yaushe aka auna? Ina takardar? Wannan tambaya ta shafi mai ruwan leda, ta shafi mai ruwan gora mai tsada da ake ajiyewa gaban manya a wajen taro, ta kuma shafi hukumar da doka ta ɗora wa alhakin tsare lafiyarmu.

Mu da ido muke shari'ar ruwa. In ya yi garau, ya yi sanyi, ba wari, ba gishiri, shi ke nan ya ci jarrabawa. Amma mafi yawan abin da ke kashe mutum a cikin ruwa ba ya da launi, ba ya da ƙamshi, harshe ma ba ya jin sa. Wanda ke shakka, ya tambayi mutanen Tibirin Gobir.

A tsakiyar shekarun 1980 aka soma ba garin Tibiri, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Kamfanin ruwa na ƙasa na wancan lokaci, SNE, shi ke tura shi a famfo. Jama'a suka yi murna, an rabu da jan guga. Ruwa fari tas. Aka yi ta sha har wajen shekara 15. Sannu a hankali haƙoran yara suka rine suka yi ja, ƙafafu suka tanƙware, ƙasusuwa suka lauje, wasu kawunansu suka yi girma fiye da ƙima. Da aka auna sai aka tarar sinadarin fuliyor da ke cikin ruwan ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙayyade fiye da sau uku. Ƙa'idar ita ce miligiram 1.5 a kowace lita. Dubban yara abin ya taɓa, ɗaruruwa suka nakasa nakasar da ba ta warkewa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH ta tsaya wa maganar, kuma a 2002 ita da ƙungiyar FIDH ta duniya suka fitar da rahoto a kai. Yaran nan yau magidanta ne da iyaye mata, wasunsu sa'o'in yayyenmu, suna nan suna ɗauke da shaidar a jikinsu.

A lura fa, ruwan Tibiri ruwan hukuma ne, mai injiniyoyi da ofis da takardu. In haka ta faru da shi, me zai hana ta faru da ruwan da wani ya ja daga rijiyar bayan gidansa, ya zuba a tanki, ya ƙulle a leda, ba wanda ya taɓa tambayarsa komai? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ba sai an ce ka shafa wa naka ruwa ba.

Bari mu rarrabe abin, don a san da me ake faɗa. Gurɓatar ruwan sha iri biyu ce.

Ta farko ita ce ta ƙwayoyin cuta masu fitowa daga kashin mutum da na dabba. Su ke kawo zawo, atini, taifot, kwalara da wani nau'in ciwon shawara. Wasunsu ba sa jinkiri, yau ka sha, gobe ko jibi kana kwance. Ma'aunin OMS a nan ba ya da sassauci: in aka ɗibi mililita 100 na ruwan sha, kada a samu ƙwayar E. coli ko guda ɗaya. Samun ta shaida ce cewa najasa ta kai ga ruwan. Mun ga irin ɓarnar da gurɓataccen ruwa ke yi a 2021, lokacin da kwalara ta kama mutum fiye da 5,000 a Nijar ta kashe fiye da 150, kuma jahar Damagaram na cikin waɗanda suka fi shan wuya tare da Maraɗi da Tawa. Mun gani a Difa a 2017, da shawarar da likitoci ke kira hepatit E ta ɓarke, ta fi yi wa mata masu ciki illa. Ban ce ruwan leda ne ya kawo waɗannan annobai ba. Abin da nake cewa, a ƙasar da irin waɗannan ƙwayoyi ke yawo, injin guda ɗaya mai ƙulla gurɓataccen ruwa zai iya raba cuta ga kasuwa guda a yini ɗaya, ya aika da ita ƙauyuka a bayan amalanke da babur.

Ta biyu ita ce ta sinadarai: fuliyor, nitarat, arsenik, dalma. Waɗannan mugunta a ɓoye suke yi, shekara da shekaru. Nitarat daga masai da kashin dabbobi da takin zamani yake tsiyayewa cikin ƙasa. In ya wuce miligiram 50 a lita, jariri ɗan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan na iya shiga hatsari, don yana hana jini ɗaukar iska yadda ya kamata. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire fuliyor ko nitarat. Tururi ya tafi, sinadari ya zauna, har ma ya ƙara kauri. Jabel ma haka, ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ruwanta da sinadari.

Yanzu a dubi ƙasar da muke zaune a kai. Yankinmu na Gure yankin kwaruruka ne a tsakanin tuddan rairayi, inda muke noman rogo da rake da dabino, muke haƙar kanwa. A kwari ruwa kusa yake, wani wuri taƙi kaɗan ka tarar da shi. Ni'ima ce babba, amma ruwan da ke kusa da hannu kusa yake da ƙazanta. Rairayi ba ya riƙe komai, abin da aka zubar a sama yana gangarawa. Masai a nan, turken dabbobi a can, rijiya a tsakiya. Ga gishiri da kanwa da ƙasar ke da su tun asali. In ka yi zurfi don ka tsere wa ƙazantar sama, sai ka tuna Tibiri, can ma a zurfi aka samo dafin. Kenan ko ta ina ba makawa sai awo. Rijiya biyu a gari ɗaya na iya ba da ruwa iri biyu, kuma rijiya ɗaya na iya sauyawa tsakanin rani da damina.

Na shiga wuraren ƙulla ruwa da yawa, a birni da ƙauye, kuma tsarin kusan ɗaya ne. Ruwa ya fito daga famfo ko burtsatse, ya shiga tanki, ya bi ta filta biyu ko uku, ya wuce ta gaban fitilar kashe ƙwayoyin cuta da masu sana'ar ke kira UV, sannan inji ya ƙulle shi. A takarda tsari ne mai kyau. A aikace, kowace gaɓa tana da inda take karyewa. Filta tana da wa'adi, in ta wuce shi ita kanta ta zama gidan ƙwayoyin cuta. Fitilar UV ƙarfinta na raguwa bayan wajen shekara guda tana aiki, alhali tana nan tana haske kamar lafiya lau. Tanki in ba a wanke shi ba, gansakuka da laka su taru a gindinsa. A wani wuri da ba zan ambata ba, yaron da ke kula da inji ya buɗe mini mazubin filta, ta koma ruwan ƙasa kamar an tsoma ta a tabki. Na ce yaushe aka sauya? Ya yi dariya ya ce, “Yallaɓai, ai sai ruwa ya daina wucewa.” Yaron nan ba mugu ba ne. Ba wanda ya taɓa koya masa, ba wanda ya taɓa zuwa dubawa. Sannan ko da filta sabuwa ce dal kuma fitila na aiki, su biyun ba sa cire fuliyor da nitarat. Wannan aikin na'urar da ake kira osmos ne, mai tsada, wadda ba kowane mai inji ke da ita ba.

Daga masana'anta sai hanya. A loda buhuna a mota ko a kura, a jibge su a ƙasa gaban shago, rana ta watan Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40 ta yi ta dukansu. Kowa ya san ɗanɗanon robar nan da ruwa ke yi in ya sha rana. Zafi na taimaka wa ragowar ƙwayoyin cuta su hayayyafa, kuma a gorar roba bincike ya nuna zafi na ƙara sakin sinadarin antimoni cikin ruwa. Daga nan a jefa ledar cikin kula tare da ƙanƙarar da ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, hannu goma ya shiga ya fita, kai kuma ka sa baki a jikin ledar ka ciza. Ba mu ma zo kan ruwan ƙulli ba, wanda ake hura leda da baki a zuba ruwa a ɗaure da hannu, ko tsofaffin goruna da yara ke tsintowa daga gidan biki da bola a sake cika su da ruwa ko zoɓo.

Wani zai ce to ai sai a koma ruwan gora na manyan kamfanoni. Mai hali ya saya, amma ya sani babban suna ba ya maye gurbin bincike. A 1990 wani ɗakin gwaji a jahar Karolina ta Arewa a Amurka ya gano sinadarin benzen, mai jawo kansar jini, a ruwan Perrier na Faransa. Sai da kamfanin ya janye kwalba wajen miliyan 160 daga kasuwannin duniya. A watan Janairun 2024 jaridar Le Monde da Radio France suka tona cewa kamfanin Nestlé ya jima yana tace ruwan da yake sayarwa da sunan ruwan ma'adini na asali ta hanyoyin da dokar Faransa ta hana a irin wannan ruwa. A watan Afrilun shekarar aka lalata aƙalla kwalba miliyan 2 na Perrier saboda an ga ƙwayoyin najasa a ɗaya daga rijiyoyinsu. Mai kuɗi ko'ina yake, in ba ido a kansa, riba zai sa gaba. Bambancinmu da su ɗaya ne: can akwai wanda ya auna, akwai wanda ya buga labarin, akwai majalisar da ta kira su ta yi musu tambayoyi.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun kafa hukumar NAFDAC a 1993, kuma zamanin marigayiya Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, aka matsa wa masu piya wata lamba sai sun yi rajista sun buga lamba a jikin leda. Ba a ce an gama da matsalar ba, har yau ana kama masu lambar bogi. Amma ko yaro a Kano ya san ya juya leda ya nemi lamba. An koya wa mai saye cewa yana da haƙƙin tambaya. Wannan shi ne abin da muka rasa.

Kuma ba doka muka rasa ba. An yi dokar tsabtar jama'a tun ranar 2 ga Maris 1993. Muna da dokar ruwa ta ranar 1 ga Afrilu 2010. Muna da hukumar ANMC mai kula da ƙa'idar kaya da ingancinsu, muna da ɗakin gwaji na ƙasa LANSPEX a Yamai, muna da jami'an tsabta. Nijar na cikin Majalisar Ɗinkin Duniya da ta ayyana a ranar 28 ga Yuli 2010 cewa tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na ɗan Adam. Amma mun san yadda doka ke kwana a aljihun tebur. Tun ranar 5 ga Nuwamba 2014 aka yi dokar hana ledar nan marar kauri, ga ta nan har yau tana lilo a kan kowace ƙaya, awakinmu na ci suna mutuwa. Sannan ga nisa. Daga Gidigir zuwa Yamai kusan kilomita 1,000 ne, alhali ruwan da za a bincika don ƙwayoyin cuta so ake ya isa ɗakin gwaji cikin sanyi, kada ya wuce awa 24. Duk binciken da ya dogara da Yamai kaɗai, ba domin mu aka yi shi ba.

A fahimce ni da kyau, ba mu neman a rufe sana'ar kowa. Ruwan leda ya rufa wa mutane da yawa asiri. Matasa na cin abinci a ciki, daga mai inji zuwa mai tura kura zuwa yarinyar da ke talla. Matafiyi da ya taso daga Damagaram zai Difa, ruwan ledar da aka yi da kyau ya fi masa randar bakin hanya mai moɗa ɗaya. In aka hana shi gaba ɗaya, talaka ne zai koma shan na tabki. Akwai kuma masu inji na kirki, masu sauya filta a kan kari, masu kai ruwansu awo da kuɗin aljihunsu. Rashin sa ido su yake fara cuta, don wanda bai kashe ko tamma a kan tsabta ba zai karya farashi ya kwashe kasuwa. Bincike kariya ne ga mai gaskiya.

Don haka ga abin da muke nema, kuma ba ɗaya a ciki da ya fi ƙarfin hukuma.

Na ɗaya, ma'aikatar magajin gari ta yi rajistar duk mai ƙulla ruwa a ƙaramar hukumar nan da duk mai shigo da shi daga waje: sunansa, inda injinsa yake, da inda yake ɗibar ruwa. Wanda ake karɓar haraji a hannunsa ranar kasuwa ba zai gagara rubutawa a littafi ba.

Na biyu, kada a bar kowa ya soma sayarwa sai an auna tushen ruwansa awo cikakke, har da fuliyor da nitarat. Bayan haka a riƙa awon ƙwayoyin cuta a kai a kai, musamman da damina, kuma jami'i ya ɗauki ledar daga kasuwa da hannunsa ba tare da sanarwa ba. In mai kaya ne zai zaɓi wadda za a auna, kowa ya san wadda zai kawo.

Na uku, a kawo awon kusa. Akwai kayan gwaji na tafi-da-gidanka da ƙungiyoyin agaji ke aiki da su a sansanonin ƴan gudun hijira, akwati guda ne, ana samun sakamako cikin kwana ɗaya. A ajiye irinsa a Gure a hannun jami'an tsabta na gunduma, a ba su man babur. Jami'ar André Salifou ta Damagaram na da ɗaliban kimiyya da ke neman abin da za su yi bincike a kai, ga aiki nan a ƙofar gida.

Na huɗu, kuma wannan ne zuciyar maganar: a bayyana sakamako. A manna shi a ƙofar ma'aikatar magajin gari da gidan likita, a karanta shi a rediyo da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci. Sakamakon da ya tsaya tsakanin jami'i da mai inji, ƙofar cin hanci ce kawai. Abin da ya cuci Tibiri shekarun shiru ne.

Na biyar, kowace leda ta zo da suna, adireshi na gaskiya, lambar waya mai shiga, ranar da aka ƙulla da ranar da wa'adi zai ƙare. Wadda ba ta da su kada ta shiga kasuwa. Wanda aka samu da matsala a ba shi wa'adin gyara a nuna masa yadda ake yi, in ya ƙi a rufe.

Ga iyayenmu sarakuna da malamai, muna roƙo da girmamawa: ku sa baki. Addininmu ya hana algus, kuma ba algus ɗin da ya kai sayar wa mutum cuta da sunan ruwa. Huɗuba ɗaya ta Juma'a za ta isa inda takardar hukuma ba ta isa ba.

Ku kuma ƴan'uwana masu saye, kafin hukuma ta motsa akwai abin da ke hannunmu. Juya ledar ka karanta. In ba suna ba adireshi, mayar. Ɗaga ta sama ka duba, in ka ga gari-gari ko kore, ko tana yoyo, bar ta. Kada ka sayi wadda ta yini a rana. Wanke jikin leda kafin ka sa baki, ko ka yanka ka juye a kofi. Ruwan da za a ba jariri ko mara lafiya a tafasa shi, ko na leda ne. In ka ga haƙoran yaran unguwa ɗaya suna rinewa iri ɗaya, kada a tsaya cewa gado ne, a kai maganar gidan likita a nemi a auna rijiyar. In mutanen gida sun kamu da zawo bayan biki, a ajiye ledar da aka sha a nuna wa ma'aikatan lafiya.

Mu a namu ɓangaren, za mu bi kasuwa da tasha da shaguna mu tattara kowane irin ruwan leda da na gora da ake sayarwa a Gidigir, mu rubuta abin da ke jikin kowanne da abin da babu, mu miƙa wa hukumomin gari da na gunduma tare da waɗannan buƙatu biyar a rubuce. Amsar da muka samu za mu kawo muku ita a nan yadda take. Muna gayyatar masu inji su zo a zauna tare, wanda ke da takardar awo ya kawo, mu da kanmu za mu yi masa shela. Matasan Gure, Gidimuni, Mirya da Subdu, ku yi irin wannan a garuruwanku, don motar da ke sauke mana ruwa ita ke sauke muku.

Dala biyar muke biya, amma abin da muke miƙa wa mai ruwa amanar cikinmu ce da ta ƴaƴanmu. Wanda ya karɓi amana dole ya yarda a tambaye shi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu ga gyara da idonmu. Amin.